Amsa ga mai son canja bod da furosesa na EliteBook 8470p

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce kana da HP EliteBook 8470p mai Core i5-3320M da RAM 4GB, ta yi nauyi ƙwarai, kuma wani mai gyara ya ce zai sa mata mazabod (bod, babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kansa) na zamani mai furosesa i7 zubi na 8 (wato 8th generation), don ta ɗauki Windows 11 ka riƙa haɗa bidiyo da ita. Kana tambaya ko ka ba shi kuɗin. Don Allah kada ka ba shi. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan na'urori, kuma abin da ya yi maka alkawari ba ya yiwuwa.

A kwamfutar tebur akwai ma'aunin da kamfanoni suka yarda da shi, shi ya sa kake cire bod ɗin wani kamfani ka ɗaura na wani a akwati ɗaya. Laftof ba ta da wannan. Bod ɗinta kamar riga ce da tela ya auna mutum ɗaya ya ɗinka masa: ramukan noti, bakin caja, kafofin USB, wurin zaman fanka, igiyar sikirin da ta kibod, duk an yanka su daidai da jikin wannan samfurin kaɗai. Bod ɗin zubi na 8 ba zai ma kwanta a cikin 8470p ba, balle a yi maganar haɗa wayoyi. Bod ɗin da zai shiga taka shi ne na wata 8470p, ko dai mai katin hoto na Intel kaɗai, ko wanda aka ƙara wa Radeon HD 7570M, kuma shi ma yana da nasa bututun tagulla na janye zafi, sai ka saya tare. Ana yin wannan canji ne idan bod ya ƙone ko ruwa ya shige shi. Na'urar da take aiki ba abin da zai ƙara mata. Akwai kamfanin Framework a Amurka da ya fara fitar da laftof a 2021 wadda aka ƙera musamman don a riƙa sauya mata bod, amma taka ba irinta ba ce.

Maganar furosesa kuwa, a nan ka yi sa'a. Taka ta fito a 2012, lokacin da Intel ke sa furosesan laftof mai ƙananan ƙafafu a soket, wato mazaunin da ake cusa shi a kan bod, wanda ake murɗa noti ɗaya da sukundireba a ɗago shi. Soket ɗinka sunansa G2. Bayansa an yi G3 na zubi na 4 a 2013, irin na ThinkPad T440p, daga nan aka rufe ƙofar, duk furosesan laftof na Intel ya koma liƙe da dalma a jikin bod. Ga sauran 'yan uwa masu karantawa: in lambar furosesanku ta ƙare da U, ko Y, ko HQ, a liƙe yake, ku bar maganar canjawa. M da QM da MQ ne ake sa wa rai, su ma ba ko yaushe ba, domin ThinkPad X220 da X230 masu M ne amma a liƙe suke.

To ko da soket ɗin, iyakarka zubi na 3. A nan ne mutane suke asarar kuɗi saboda sunan i7. Za a miƙo maka i7-3520M a ce ga babba, alhali ƙwaya (core) biyu gare shi daidai da naka, babban bambancin shi ne gudun 2.9GHz da 2.6GHz, da kyar ka ji sauyi. Wanda zai nuna maka bambanci shi ne mai ƙwaya huɗu, mai QM a ƙarshe. Su ma kashi biyu ne, kuma ni a nan nake tsayawa da kowa. i7-3720QM da 'yan uwansa wat 45 suke ci, naka kuwa 35. Wat goman nan zafi ne zai zama, ƙaramar fanka ɗaya ce kuma za ta fitar da shi. Mutanen Turai da suke yaba wannan canji a intanet a ɗaki mai sanyi suke zaune. Mu kuwa a watan Afrilu, a ɗakin kwano, babu wuta babu fankar sama, iskar da na'urar ke shaƙa ta riga ta haura digiri 40. Da zarar furosesa ya doshi digiri 100 zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone, iyakarsa 105. Na sha ganin wanda ya sa mai wat 45, bayan 'yan mintuna da fara aiki mai nauyi gudunta ya faɗo ƙasa da na i5 ɗin da aka cire, ga batir ba ya jimawa. In har sai ka canja, nemi i7-3632QM ko 3612QM, ƙwaya huɗu ne a kan wat 35. Ka duba ƙarƙashinsa ka ga ƙafafu, don akwai irinsa na liƙewa. In ka ga an rubuta Intel Confidential a jikinsa, na gwajin kamfani ne, ka ajiye musu abinsu. Ka kuma samu caja ta asali mai wat 90.

Wani tarko ga masu ƙananan laftof na wancan zamanin, masu Celeron ko Pentium: da yawansu suna da cifset HM70 (cifset shi ne cif ɗin da ke kan bod mai haɗa furosesa da sauran sassa). Ka sa musu i3 ko i5 za su tashi lafiya, mai gyara ya karɓi kuɗinsa, bayan minti 30 cif na'urar ta mutu da kanta, kullum haka. Ka saukar da manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka cifset da soket kafin ka taɓa aljihu. Taka QM77 ce, ba ta da wannan matsalar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka. Nauyin da kake ji, kusan na tabbata ba daga furosesa yake ba. RAM 4GB da tsohon faifan ajiya mai juyawa su ne suka riƙe mata wuya. Sa mata SSD (ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa) mai inci 2.5 na SATA, ka kai RAM zuwa 8GB ko 16GB na DDR3, gurbi biyu ne da ita. Murfin ƙasan 8470p ko noti ba ya buƙata, maɓalli ake turawa ya zame. Tunda an buɗe, a ciro fanka a kwashe ƙurar hunturun da ta toshe haƙoran tagullar, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo, kaɗan. Tsohon faifan ma ba asara ba ne, ana sayar da mazauni da ake zura shi a gurbin DVD ya zama ma'ajiya. Wanda duk na yi wa wannan, in dai rubutu ne da Excel da intanet da karatun makaranta, ba ya dawowa da maganar furosesa.

Sai dai buƙatunka biyu ba za su biya ba ko da ka yi duk wannan. Microsoft ta gindaya zubi na 8 da TPM 2.0 (cif ɗin tsaro) ga Windows 11, taka zubi na 3 ce mai TPM 1.2. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, ana yi, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa, kuma ba zan ba mutum shawarar ya ɗora aikin abincinsa a kai ba. Windows 10 kuma an daina tallafa mata a 14 ga Oktoba, 2025. Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, tana tafiya sumul a kan irin taka, in manhajojin aikinka sun yarda. Game da bidiyo, katin hoton da ke cikin i5 ɗinka, HD 4000, shi ne dai a cikin i7 ɗin. Ya san tsarin bidiyo na H.264, bai san H.265 ba, wanda wayoyi da yawa ke ɗaukar bidiyo da shi yanzu, don haka hoton zai riƙa sarƙewa kana tsaka da yanka.

In bidiyon nan sana'a ce, lissafa kuɗin furosesa da caja da ladan mai gyara, ka haɗa da abin da za a sayi taka, ka shiga Farm Centre ko Beirut Road in kana Kano, ko Banex in kana Abuja, ka taya ta hannu irin EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 ko Latitude 7490. i5-8250U da ake samu a cikinsu ƙwaya huɗu ne a kan wat 15 kacal. Amma ka lura, duka ukun an fitar da wasunsu da zubi na 7, don haka kada ka dogara da takardar da aka manna a jiki. A kunna a gabanka ka ga lambar furosesan ta fara da 8, ka shiga BIOS (shafin saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi) ka tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita, sannan ka cire caja ka ga yadda batir yake sauka kafin ka biya.