Zobona ya ƙi ɗaukar gas, ina matsalar take?

TAMBAYA: Salam Malam, ina sana'ar zobo da jinja, na sayi keg na ƙarfe mai lita 19 irin wanda Turawa ke sa wa giyar da suke haɗawa a gida gas, da silindar CO2, wato gas ɗin da ake sa wa lemon kwalba. Mai shagon ya ce in saita regileta, wato abin da ke daidaita presha, a 12 psi (ma'aunin presha), na saita na bari kwana 2 a kicin amma zobon salam yake ba ko alamar gas. Ko regiletar ce jabu? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Regiletarki lafiyarta ƙalau, zafi ne ya cuce ki. Shi CO2 ya fi narkewa a ruwa mai sanyi, da ruwan ya ɗau ɗumi sai ya riƙa gudu, shi ya sa lemon kwalba mai zafi yake tumbatsa in an buɗe. Wannan 12 psi ɗin lissafin masu giya ne a Amurka, kuma su a firji suke ajiye keg ɗin, wajen digiri 4. A digiri 20 sai kin kai kusan 28 psi kafin ki samu gas daidai da nasu, a digiri 30 kuwa irin na kicin ɗinki ana maganar kusan 40 ne, ga shi lemo ya fi giya gas, ko a cikin firjin ma sai kin kai wajen 22 kafin ya yi wannan tsinken a harshe da kwastoma ke so.

Ni dai ban ba ki shawarar ƙure presha a zafi ba, don zobo mai suga in ya kwana biyu a ɗumi tsami zai fara har ya juye ya zama abin da ba ki yi niyyar sayarwa ba. Ki tace shi sosai, ki sanyaya tukun sannan ki jona gas. Kwana 2 ma ya yi kaɗan, sati ɗaya zuwa biyu yake ɗauka in an bar shi haka. In sauri kike ki sa 30 psi ki kwantar da keg ɗin kina mirginawa na 'yan mintoci, ki mayar firji ya kwana, ki saki presha kafin ki tsiyaya in ba haka ba kumfa zalla za ki samu. Kuma don Allah CO2 mai tsabta da aka tanada don abin sha za ki cika a silindar, ki tambaya tun a wurin saye.