Mahaɗi a Emacs: ɗaura shi a inda ba ya motsi

Jiya a shago ka tambaye ni game da Emacs, manhajar rubutu da gyaran fayil, da Org, tsarin ajiye bayanai da ke cikinsa: "Masta, sai in sami bayani a littafin Emacs, gobe in neme shi in rasa. In riƙa kwafe shi ne cikin fayil ɗina na Org?" A'a ɗana, kada ka kwafe. Littafin yana canzawa duk lokacin da aka sabunta Emacs, kwafinka kuwa yana nan yadda ka bar shi, har wata rana ya yi maka ƙarya. Mahaɗi za ka sa, wato link, wanda in ka bi shi zai kai ka wurin bayanin.

Amma sai ka san hanya a cikin littafin tukuna. C-h r (wato ka danna Ctrl da h tare, ka saki, sannan ka danna r) yana buɗe littafin Emacs kai tsaye, C-h i kuma yana kawo jerin duk littattafan da ke kan kwamfutar. Da n kake yin gaba, da p baya, da u ka hau babin da ke sama. Kada ka haɗa p da l: p shafin da ya gabata ne a tsarin littafin, l kuwa inda ƙafarka ta fito ne. Wanda na fi so ka riƙe shi ne i, wato fihirisa. Danna shi, rubuta kalma ɗaya, ya kai ka wurin da aka yi bayaninta sosai. In ba nan ba ne, danna waƙafi ya wuce na gaba. Duk wannan a cikin na'urar yake, don haka ko dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ya ɗauke wutar unguwar Aboabo, ko data ta ƙare, muddin batir na da caji karatu bai tsaya ba.

In ka danna C-h r ya ce babu littafin, Emacs ɗinka lafiya lau yake. Debian da Ubuntu, nau'o'in Linux, suna ware littafin saboda sharaɗin lasisinsa. Saka kunshin emacs-common-non-dfsg, shi ke nan.

Yanzu mahaɗin. Org bai zo da maɓallin ajiye mahaɗi a shirye ba, kai za ka ɗaura shi a init.el, fayil ɗin saitin Emacs:

(global-set-key (kbd "C-c l") #'org-store-link)

Kana tsaye a shafin da kake so, danna C-c l. Koma fayil ɗinka, danna C-c C-l, ka danna RET (wato Enter) don ya ɗauki na ƙarshe da ka ajiye, sannan ka ba shi suna da Hausarka. Abin da ya rubuta a ɓoye shi ne:

[[info:emacs#Keyboard Macros][maimaita aiki da maɓalli ɗaya]]

Kai sunan kawai za ka gani. C-c C-o yana buɗe shi. In ya ƙi buɗewa, yi M-x org-toggle-link-display (wato Alt da x tare, sannan ka rubuta sunan umarnin) ka ga cikinsa tsirara. Sau da yawa baka ɗaya ce, [ ko ], ta goge wajen gyara.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne mahaɗi tsakanin bayananka na kanka. In ka ajiye mahaɗi a kan wani take, Org da kalmomin taken yake ɗaure shi. Ran da ka gyara harafi ɗaya a taken, igiya ta tsinke. Sai ya tambaye ka ko ya ƙirƙiri sabon take. Kada ka amsa masa da e cikin gaggawa, don fankon take zai ajiye maka a ƙarshen fayil, ka ɗauka bayaninka ne ya salwanta alhali yana nan sama. Mahaɗi da lambar layi ya fi wannan muni, domin layi ɗaya ka ƙara a sama, ya fara nuna wani wuri ba tare da ya yi ƙorafi ba.

Maganinsa lambar shaida. Sa (require 'org-id) a init.el, ka mai da org-id-link-to-org-use-id ya zama t, wato a kunne. Daga nan duk taken da ka danna wa C-c l zai sami lambarsa ta dindindin, ko ka sake masa suna ko ka kai shi wani fayil mahaɗin zai bi shi. Org yana riƙe da rajistar inda kowace lamba take, kuma wannan rajistar ba ta bin fayilolin cikin filas. Saboda haka in ka kwashe su zuwa kwamfutar gida, buɗe su, sannan ka yi M-x org-id-update-id-locations kafin ka ce wani mahaɗi ya mutu.