Daga ina ƙwayoyin hanji suke samo dafin da ke sa gudawa?

Tambaya: Likita, malaminmu ya ce kowane mutum yana da ƙwayar E. coli a hanjinsa. To me ya sa ita ɗin ce kuma ake cewa tana sa zawo mai tsanani? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malaminku ya yi gaskiya. Yawancin E. coli da ke cikinmu zaman lafiya muke yi da su. Wadda ke sa zawo ta samu ƙarin ƙwayoyin gado ne waɗanda 'yan'uwanta ba su da su, kuma abin mamakin shi ne sau da yawa aro ta yi. Bakteriya na miƙa wa juna wasu ƙananan zobba na DNA, wato sinadarin gado, da ake kira filasmid, a cikinsu akwai umarnin haɗa dafi iri biyu, LT da ST. Dafin ba ya huda hanji. Abin da yake yi shi ne ya tilasta wa bangon hanji ya riƙa zubo gishiri, ruwa kuma ya biyo shi.

Haka kwalara take. A 1959 wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, ya nuna cewa dafi ne ke haddasa zawonta. A 1996 kuma Matthew Waldor da John Mekalanos a Amurka suka gano cewa umarnin haɗa wannan dafi wani bairas ne ya shigar wa ƙwayar da shi. Wato ita kanta kamuwa ta yi kafin ta kama mu! Wadda bairas ɗin bai shiga ba, ba ta haddasa annobar kwalara.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara huɗu yana zawo da jini. Maƙwabciyata ta ce in ba shi kafso. In ba shi?

Amsa: Maman yaro, kada ki ba shi, ki kai shi asibiti yau ɗin nan. Zawo da jini iri-iri ne. Idan atini ne na ƙwayar Shigella, likita zai iya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma akwai E. coli masu dafin Shiga, irin su O157:H7, waɗanda umarnin dafinsu yana cikin wani bairas da ke kwance a jikin ƙwayar kamar mai barci. Wasu magunguna, musamman dangin ciprofloxacin, suna tayar da shi, ya hayayyafa, dafin ya ninka, ƙwayar ta fashe ta zubar da shi. Daga nan dafin kan bi jini ya taɓa ƙoda, kuma ƙananan yara ya fi yi wa illa. Irin wannan dafi ne ya kashe fiye da mutum 50 a annobar da ta ɓarke a Jamus a 2011, wadda aka danganta da tsiron hulba.

Kada kuma ki ba shi maganin tsayar da zawo. Kafin ku isa, ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan fitsarinsa ya ragu, ko yaron ya ɗashe, ko fuskarsa ta kumbura, ki gaya wa likita nan take.

Tambaya: Likita, a gidanmu kwalara ta kwantar da ni sosai, ƙanena kuwa da kyar aka gane yana da ita. Gado ne?

Amsa: Malam, ba a gadon kwalara, amma jikin da aka gada yana da tasiri. An daɗe da lura cewa masu rukunin jini O sun fi jin jiki idan ta kama su. Yawan ƙwayar da mutum ya haɗiya da ƙarfin sinadarin da ke narkar da abinci a tumbinsa su ma suna taka rawa, don haka ba zan ɗora wa jini shi kaɗai ba. Ko wane irin jini gare ka, dafin bai toshe hanyar da sukari ke jan gishiri da ruwa zuwa cikin jiki ba, shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke aiki ko zawon na zuba.