Maiƙon fuska da ƙuraje: likita na amsa tambayoyinku daga Maradi

Tun da bazara ta kankama, saƙonnin da ke iso ni kusan duk magana ɗaya suke yi: fuska na naso, ƙuraje sun feso, an shafa wannan an shafa wancan, abu ya ƙi. Na zaɓi shida daga ciki, na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Wata ɗaliba mai shekara 19, daga unguwar Zariya: Likita, kafin azahar fuskata ta yi ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa. Ina wanke ta da sabulun salo da soso sau biyar a yini, da dare kuma in goga lemun tsami. Ƙurajen sai ƙaruwa suke yi. Me ya rage ban yi ba?

Ƴata, abin da ya rage shi ne ki sassauta wa fuskar nan. Ba datti ne ke kawo miki ƙuraje ba, don haka wanki ba zai fitar da su ba. A gindin kowane gashi na fuska, har waɗanda ido ba ya gani, akwai wata ƴar jaka da ke yin maiƙo. Idan mutum ya balaga, sinadaran jiki da ake kira androjin sukan sa jakar nan ta girma ta riƙa zubo da maiƙo fiye da da. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata, ya toshe ƙofar gashin. In bakin ƙofar a rufe yake, sai ki ga ɗan farin ƙurji. In a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ke ciki ya yi baƙi, shi ne wanda mutane ke ɗauka ƙura ce. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar su. In ta samu ƙofa a toshe sai ta hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ja, ya tara ruwa. Duk wannan a ƙarƙashin fata yake faruwa, inda soso ba ya kaiwa.

Abin da soso ke kaiwa shi ne saman fata, kuma ɓarna yake yi a can. Fatar mutum tana da ɗan tsami nata na halitta, wanda a ma'aunin da ake kira pH yana wajen 5. Sabulun gargajiya da aka dafa da toka yana kai 9 zuwa 10. Ruwan lemun tsami kuma yana wajen 2. Kin ga kenan da rana kina jan fatar can gefe ɗaya, da dare ki fizgo ta zuwa ɗaya gefen. Fatar da ake yi wa haka takan tsage inda ba a gani, ta riƙa raɗaɗi, ƙurajen su ƙara yin ja. Lemun tsami yana da wata illar daban: akwai sinadari a cikinsa, musamman a ɓawon, wanda in ya zauna a fata rana ta buge shi yakan ƙona wurin ya bar baƙin tabo na watanni. Ranar Afrilu da Mayu a garin nan, da zafi ke wuce digiri 40, ba ta wasa da irin wannan.

Ga abin da nake so ki yi. Sabulu sau biyu kawai, safe da dare, marar ƙamshi mai ƙarfi, da tafin hannu, da ruwan da ba zafi. In sabulun salon kike so, ki yi kumfarsa a hannu tukuna, kada ki goga dunƙulen a fuska, ki ɗauraye nan take. In kin ji fuskar ta ɗaure bayan wanka, to ya yi miki ƙarfi, ki canza. Alwala ba ta cikin lissafin nan, ruwa ne zalla, kuma yana isa ya rage naso tsakanin salloli. Ki tsane fuska da tsumma mai tsabta ta hanyar dannawa a hankali. Ki riƙa canza rigar matashin kai da hijabin da ke taɓa goshi da kumatu duk bayan kwana biyu ko uku. Soso da lemun tsami kuma ki bar su daga yau. Kada ki yanke hukunci kafin sati 6 zuwa 8, domin ƙurjin da kika gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ciki kafin ya fito.

Wata uwa daga Tibiri: Ɗiyata shekararta 14. Ba na son a fara ta da maganin bature. Ana ta gaya mini zuma, alobera, kurkum, ganyen bedi, farar ƙasa da man kaɗanya. Wanne ne na gaskiya?

Hajiya, na ji daɗin tambayar nan, don kin tambaya kafin ki shafa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ba darajarsu ɗaya ba.

Alobera ce na fi yarda da ita. Ruwanta mai yauƙi na tsakiyar ganye yana sanyaya fata, ba ya da maiƙo, ba ya toshe ƙofar gashi. A wani bincike da aka yi a Iran aka buga a 2014, waɗanda aka haɗa wa alobera da maganin asibiti sun fi waɗanda aka ba maganin shi kaɗai samun sauƙi. Lura dai, tare da magani aka gwada ta. In za ki yanko ganyen, ki jingine shi a tsaye na ɗan lokaci har ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye, don shi yana sa ƙaiƙayi. Sannan ki fere ɓawon, ki ɗebi farin, a shafa kaɗan da dare.

Zuma tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kan rauni, wannan sananne ne a likitanci. A kan ƙurajen fuska kuwa, an gwada wata irin zuma a New Zealand, sakamakon ya fito a 2016, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Ba ta cutarwa in tsantsa ce, tana kuma tausasa fata. In yarinyar na so, ta shafa ta bar ta minti 15 ta wanke, sau biyu a sati. Zumar da aka sirka da sukari dai ba ta da wurin zama a fuska.

Farar ƙasa tana tsotse maiƙon da ke sama, fuska ta yi wasai na wasu awoyi. Sau ɗaya a sati ya isa, a kwaɓa da ruwa mai tsabta, a wanke tun ba ta bushe ta tsattsage ba. Kurkum da ganyen bedi, ni dai ba na sa su a gaba. Na ga yaran da aka daka wa ɗanyen bedi aka lafta musu, fuska ta yi jawur. Dafaffen ruwansa da ya huce, a ɗauraye fuska da shi, ya fi sauƙi.

Man kaɗanya kuma na hunturu ne. Idan iskar Disamba da Janairu ta busar da fata, ko mai maiƙon fuska na bukatar abin da zai riƙe mata laima. Ɗan kaɗan kamar ƙwayar dawa, a murza a hannu ya narke, a shafa inda ya bushe, a kauce wa goshi da hanci. A bazara a ajiye shi don ƙafa da gwiwar hannu. Man kwakwa kada ya je fuskarta, yana toshe ƙofar gashi ga mutane da yawa.

Duk wanda za ki gwada, ki fara shafa shi a bayan kunne ko cikin damtse, ki jira kwana biyu. Kuma ɗaya-ɗaya ake gwadawa. In aka haɗa biyar a kwano guda fuska ta ɓaci, ba wanda zai iya gaya miki wanne ne mai laifin. Ina kuma roƙonki abu ɗaya: in wata uku suka wuce ba canji, ko ƙurajen suka zama manya masu ciwo, ki kawo ta a duba. Ramin da ƙurji ya bari a fuskar yarinya yana da wuyar cikewa.

Wani ɗan kabu-kabu daga Sabon Gari: An ce gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne ke sa ni ƙuraje a goshi. In bari?

Malam, ci ƙuli-ƙulinka. Man da ka ci ba ya bin jini ya fito ta fuska. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne sukari da kayan fulawa: a Ostareliya a 2007 an bi samari 43 har sati 12, waɗanda suka rage irin wannan abinci ƙurajensu suka ragu. Saboda haka lemun kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu su ne abin dubawa. Tun da a goshi suka taru, ina zargin man gashi. Man da ake laftawa a kai yakan narke da rana ya gangaro da zufa, hula ta danne shi a kan fata yini guda. Rage man, wanke hular ko rawanin da kake rufe fuska da shi, ka kuma wanke fuska da sabulu in ka ajiye babur da dare.

Wata budurwa daga unguwar Bagalam: Saura sati uku bikina. Baƙaƙen tabon ƙuraje sun cika mini kumatu. Wata mai gyaran amare ta ce za ta haɗa mini mai da zai goge su cikin kwana bakwai. In karɓa?

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Kada ki karɓa. Babu wani ganye ko itace da ke goge tabo cikin kwana bakwai. Man da ya yi haka, akwai abin da aka zuba masa, kuma galibi ɗaya ne cikin uku: magani mai ƙarfi na dangin kotizon irin su clobetasol da betamethasone, ko hydroquinone mai kashe launin fata, ko sinadarin zaiba (makuri) mai lalata ƙoda. Saboda irin waɗannan ne ƙasar Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015.

Ban manta da wata amarya da aka kawo mini wata biyu bayan bikinta ba. Ta shigo da mayafi ja har kan hanci. Da ta sauke, kumatunta sun yi fari sol, fatar ta yi siriri har ana hango jijiyoyin jini kamar zare, ga ƙananan ƙuraje iri ɗaya jere daga goshi zuwa haɓa. Ta ciro ƴar roba marar suna daga jaka ta ajiye a kan tebur, ta ce duk ranar da ta bar shafawa fuskar kamar an watsa mata barkono. Haka kotizon ke yi: satin farko ya kwantar da komai, a yi ta yaba haske, daga baya ya haifar da nasa ƙurajen, kuma fata ta saba da shi. Sai da muka yi watanni muna janye ta daga man nan a hankali.

Tabon da ke fuskarki launi ne da fata ta zuba a inda ta ji ciwo. Fatarmu baƙa ta fi saurin yin haka, shi ya sa matsa ƙurji da farce ke yi mana tsada. Yana gushewa da kansa, amma a watanni, wani ya kai shekara. Abin da za ki iya yi a sati uku: cire hannu daga fuska ɗungurungum, guje wa ranar tsaka, ki nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama a farmasi, marar maiƙo. In za a yi miki dilka, a yi a jiki, a bar fuska, don gurza ƙurji sabon tabo yake haifarwa. Ranar buki hoda mai kyau za ta rufe abin da ya saura, ki wanke ta kafin ki kwanta.

Wata mai juna biyu, wata huɗu: Ban taɓa yin ƙuraje ba sai da cikin nan. Ƙawata ta ba ni ragowar maganinta.

Mayar mata da shi, Allah ya raba lafiya. Akwai magungunan ƙuraje da ba a ba mai ciki: ƙwayar isotretinoin tana nakasa jariri, mayukan tretinoin da adapalene ana dakatar da su, haka ƙwayar doxycycline. Ki tsaya ga wanki mai sauƙi da alobera a fata, kada ki sha ta. In sun dame ki, ki faɗa a wurin awo. Akwai man shafawa irin azelaic acid da ake iya rubuta wa mai ciki.

Wata matar aure mai shekara 28, daga Madarunfa: Nawa a haɓa da muƙamuƙi suke fitowa, manya masu zafi. Al'adata takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga gashi ya fara fito mini a haɓa. Na yi shekara ina shafa zuma da alobera.

Ƴar'uwa, naki ya wuce abin shafawa. Ƙuraje a muƙamuƙi, da al'ada mai tsallake, da gashi a haɓa, in suka haɗu a mace ɗaya, muna tunanin sinadarin androjin ya yi yawa a jiki, sau da yawa daga wata matsala ta ƙwan mace da ake kira PCOS. Tana iya jinkirta haihuwa, tana kuma da alaƙa da ciwon sukari, amma ana kula da ita a samu sauƙi sosai. Ki je wurin likitan mata a asibiti nan Maradi, ki tafi da lissafin watannin da kika ga al'ada a rubuce. Za a iya yi miki hoton ciki da gwajin jini.

Kafin ki samu zuwa, in kin tabbata ba ki da ciki, ki nemi benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100 a farmasi, ba wurin masu tallar magani a rana ba. Yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, kuma bai kai shi ƙona fata ba. Ki fara da dare ɗaya ki tsallake ɗaya, siriri a duk wurin da suke fitowa. Yana cinye launin tufa, don haka ki shimfiɗa farin zane a kan matashin kai, ki wanke hannu kafin ki taɓa mayafinki.