Yadda za ka riƙe amyarka daga hunturu zuwa furen ɗorawa

Maigida, Allah ya ƙara girma. Amya biyu gare ni a bayan gida, irin dogon akwatin katakon nan mai sanduna a sama da ake kira na Kenya. Ƙudan zuma sun shiga ɗaya a watan Oktoba, ɗayar kuwa har yanzu wayam. Ga sanyi ya fara sauka, kuma na ga Turawa a bidiyo suna naɗe amyoyinsu da bargo har sanyi ya wuce. Ni ma haka zan yi?

Ɗana, madalla da ka tambaya kafin ka taɓa. Ajiye bargon nan. Sanyin Turawa daban, hunturunmu daban. A can ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, babu fure ko ɗaya, ƙudan su dunƙule wuri guda cikin amya suna cin abin da suka tara, shi ya sa ake bar musu zuma kilo 20 ko fiye a kuma lulluɓe su. Mu a nan, ko a tsakiyar Janairu, sanyin dare a Kano ko Zariya yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15, da rana kuma ya haura kusan 30. Ƙudan suna fita aiki kullum da zarar hantsi ya ɗaga. Kuma irin namu ba su da halin zama su jure wuya. In wuri ya ƙi musu, tashi suke yi gaba ɗaya da sarkinsu, su bar maka akwati fanko. Saboda haka aikinka daga yanzu zuwa Fabrairu shi ne kada ka ba su dalilin ƙaura. Abubuwan da ke tayar da su kuwa sanannu ne: ƙishirwa, iska, wuta, cinnaku, da yawan buɗe-buɗen mai amya.

Fara da ruwa, yau ɗin nan. Kududdufai sun ƙafe, raɓa ta ɗauke, iskar hunturu kuma tana tsotse laima daga komai. Ƙudan suna bukatar ruwa don su tsinka zumar da suke ciyar da 'ya'ya, su riƙe laima a ɗakin ƙwai kada tsutsotsin su bushe, su kuma sanyaya amya da azahar. Amya mai ƙarfi takan sha kusan lita ɗaya a rana mai zafi, ban da wanda iska za ta shanye a banza. Samu kasko mai faɗi ko tsohon daro, ka cika shi da tsakuwa da totuwar masara ko guntayen kara, ka zuba ruwa yadda kawunan duwatsun za su rage a waje. Ƙuda ba ya iyo. In ka ajiye ruwa tsura a bokiti, da yamma za ka tarar da gawarwaki sun rufe samansa. Ajiye kaskon a inuwa, taku biyar zuwa goma daga amya, a gefe ba a kan hanyar fitarsu ba, domin a iska suke kashi in sun fito. Ranar farko ka barbaɗa ɗan gishiri kaɗan, abin da yatsa biyu za su ɗauka, yana jawo su. Sannan kada kaskon ya taɓa ƙafewa ko da yini ɗaya ne. Ƙuda in ya koyi hanyar ruwa ba ya sakinta da sauƙi, kuma in hanyar da ya koya ta randar maƙwabci ce, ko bakin rijiya, ko famfon masallaci inda ake alwala, to ka sayi rigima. Irin wannan rigimar kan kai ga a tilasta wa mai amya a cikin gari ya kwashe ta.

Sai iska. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa. An saba cewa a juya ƙofar amya gabas don rana ta tashe su da wuri, amma a wannan lokaci ƙofar da ta kalli gabas sosai tana shan iska da ƙura kai tsaye. Kudu ta fi, ko kudu maso gabas. In taka tana fuskantar iska, kada ka juya ta lokaci guda, masu dawowa daga kiwo za su ruɗe. Juya ta kaɗan-kaɗan da daddare, kamar faɗin tafin hannu kowane dare, har ta kai inda kake so. Kafa zana ko darnin kara mai tsayin mita biyu a ɓangaren iska, nesa da amya da taku biyu ko uku. In ka kewaye har ta gaban ƙofa ka bar musu fili, zanar za ta yi maka aiki na biyu: tana tilasta musu tashi sama kafin su miƙe hanya, sai su wuce ta saman kawunan yara da awaki.

Abin da ya sa iska ke da haɗari shi ne ɗakin 'ya'ya. Ƙudan suna riƙe shi a digiri 34 zuwa 35 dare da rana, da ɗumin jikinsu. Duk kafar da iska ke shiga, zuma suke ƙonawa don su rama ɗumin da ya tafi. Ga shi kuwa hunturu yana busar da katako. Sandar da aka yanka milimita 32 da ɗanyen katako takan motse, sai ka ga siririn haske tsakanin sanduna, jikin akwatin ma ya tsage a mahaɗa. Da yamma ka ɗaga murfi ka matse sandunan su haɗu, giɓin da ya rage a ƙarshe ka toshe shi da siririn katako. Tsagar jiki kuma ka liƙe ta daga waje da laka kwaɓe da kashin shanu. Ƙofa ma ka rage ta. In ramuka takwas ne, toshe rabi da guntun kara, ka bar huɗu, kowanne kada ya wuce faɗin santimita ɗaya. In ka ga sun fara liƙe ramukan da baƙin danƙon nan nasu, kada ka kankare, sun riga ka gane matsalar ne.

Tunda a Oktoba suka shiga, da wuya su wuce saƙa shida zuwa takwas yanzu, alhali akwatin na ɗaukar sanda kusan talatin. Sauran filin ɗaki ne babba da ba za su iya ɗumamawa ko tsarewa ba. Yanka allo daidai fasalin cikin akwatin, ka saka shi bayan saƙa ta ƙarshe, ka bar musu sanda biyu ko uku da babu komai. Duk lokacin da suka fara gini a kan ta ƙarshe sai ka matsar da allon baya. Iyakar suturar da za ka yi musu ita ce ta sama: murfin kwano yana yin sanyi ƙalau da asuba, ya yi zafi kamar tanda da azahar, don haka ka ɗora masa bunu ko tsohuwar zana ka danne da dutse. Leda kuwa ko kusa. Takan tara gumi a ciki da dare, da rana ta dafa amyar har sabuwar saƙa ta yi laushi ta yanke daga sanda. Bargo kuma masauki ne na kyankyaso da cinnaku.

Cinnaku da kwarkwasa sukan kori amya mai rauni cikin dare ɗaya. Ka ɗora ta a kan maɗori mai tsayin ƙugu, kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai. Amma ga abin da sababbin shiga ba su lura da shi: ƙurar hunturu tana sauka a kan man, cikin sati guda ta yi ɓawo, cinnaku su taka su wuce kamar a kan gada. Giris ma haka, ƙura ta rufe shi ya daina kamu. Saboda haka duk Juma'a ka motsa man da tsinke, ka tsame ganye da ƙwarin da suka faɗa, ka ƙara in ya ragu. Duba kuma kada reshe ko karan ciyawa ya taɓa jikin akwatin. Ƙadangare yakan kwanta a bakin ƙofa yana lashe su ɗai-ɗai, shi ya sa ba a son faffaɗan katakon sauka a gaban ƙofa. Tsutsar kaki kuwa, wadda ƙaramin malam-buɗe-littafi mai toka-toka ke haifarwa, saƙar da ƙuda ba su rufe ba take ci. Alamarta yana kamar ta gizo-gizo a jikin saƙa da baƙin kashi ƙanana a ƙasan akwati. Duk saƙar da ka ga babu ƙuda a kanta, babu zuma babu 'ya'ya, cire ta ka narkar.

Ka share ciyawa da busasshen ganye mita uku a kewayen amyar har ƙasa ta fito fes, kuma ka kwashe sharar ka kai nesa, kada ka ƙona ta a wurin. Lokacin gobarar daji ne, ga masu farautar gafiya da wutarsu. Tokar abin da kake busa musu hayaƙi da shi ma ka juye ta a rami ka binne, zana da bunu ba sa jiran gayya.

Game da abinci, hunturu ba fari ba ne gaba ɗayansa. Gawo yana fure a farkon rani, lokacin da sauran itatuwa ke zubar da ganye. Rimi da gurjiya suna biyo baya, mangwaro daga Disamba zuwa Fabrairu, sai kaɗanya, sai darbejiya da ɗorawa su rufe. Ƙuda yana kiwo har nisan kilomita biyu zuwa uku, don haka ka zaga unguwarku ka san abin da ke cikin wannan da'irar. Inda itatuwan nan suke, ba ka bukatar ciyarwa. Inda aka sare su, tsakanin bushewar furen ciyawa da fitowar furen mangwaro akwai makonnin yunwa. Za ka gane ba tare da ka buɗe ba. Tsaya a gefen ƙofa da misalin ƙarfe goma na safe ka kalli ƙafafun baya na masu shiga. In kana ganin dunƙulen garin fure, rawaya ko fari, sarki na ƙwai (mace ce, ita ce uwarsu, amma sunan da muka gada ke nan) kuma abinci na shigowa. In ka ga sun yi dafifi a kan dusa ko a bakin injin niƙa, garin fure ya yi ƙaranci. Sannan sa hannu ka ɗan ɗaga bayan akwatin sau ɗaya a sati, hannunka zai koyi nauyinsa. In yana raguwa sati biyu a jere, ka ciyar.

Sukari kilo ɗaya a ruwa lita ɗaya, tafasasshe da ya huce. Ka ba su rabin lita kawai a lokaci guda, a kwano marar zurfi mai guntayen kara a sama, a cikin akwatin bayan allo, ka bar 'yar kafa a ƙasan allon da za su bi. Da magariba ake sawa, kuma kada ɗigo ya zuba a waje, domin ƙamshinsa na kiran ƙudan wasu wurare su zo fashi, ka ga ana kokawa a ƙofa ana faɗowa ƙasa bibbiyu. Abin da bai ƙare ba cikin kwana biyu ka zubar, ya fara tsami. Kada ka ba su zumar kasuwa, ba ka san cutar da ke cikinta ba. Da mangwaro ya yi fure ka daina, in ba haka ba ruwan sukari za su adana maka, ka sayar wa mutane da sunan zuma, wannan kuwa ha'inci ne.

Buɗe amya sau ɗaya a sati uku ya isa. Kada ka buɗe da sassafe ko ranar da iska ke kaɗawa da hazo, 'ya'yan za su sha sanyi, kwana biyu bayan nan ka ga ana jefo fararen tsutsotsi a ƙofa. Bayan la'asar sakaliya ya fi, iska ta kwanta, da sauran ɗumi, kuma dare na kusa da zai kwantar da su kafin su addabi maƙwabta. Hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwa, busa uku a ƙofa, ka jira minti biyu. Fara daga baya, ka riƙe kowace saƙa a tsaye yadda take rataye, in ka kwantar da ita za ta karye. Ƙwai kake nema, farare kamar ƙanƙanin tsinken shinkafa a gindin rami, da 'ya'yan da aka rufe, da zuma a saman saƙa. Ka gan su, rufe, kada ka wuce minti goma. In ka tarar babu ƙwai babu ƙananan tsutsotsi, zumar ma ana shanyewa, shirin tashi suke yi. Nemo abin da ya dame su a ranar, ka kuma ciyar.

In akwai masu noman rani kusa da kai, masu albasa ko kankana ko tumatir, je ka gaishe su tun yanzu, ka roƙe su su riƙa feshi da yamma liƙis bayan ƙuda sun koma. Tarin gawa a ƙofa da harsuna a waje, da wasu suna jan ciki suna karkarwa, aikin maganin feshi ne.

Zuma kuwa ka haƙura da ita a wannan hunturun. Abin da suka tara yanzu shi ne jarin da za su yi yawa da shi kafin babban fure. Jira sai tutun ɗorawa ya fito ya faɗi, wajen Maris zuwa Afrilu, ka ɗebi saƙar da aka rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu da farin kaki, ka bar musu sanda takwas zuwa goma na gaba yadda suke.

Ita kuma wadda ba su shiga ba, kada ka fid da rai, ayarin ƙuda na yawo har cikin Janairu. Buɗe ta ka kori gizo-gizo da zanzaro da ɓera, domin ba sa shiga gidan da ke da mai shi. Narkar da kaki mai tsabta ka ja siririn layi a tsakiyar kowace sanda, ka goge cikin akwatin da ɗanyen tsabre, ka ɗaure shi a tsakanin rassan itace mai inuwa, sama da ƙasa kamar mita biyu zuwa uku. Duk sati biyu ka sabunta shafin, hunturu na kashe ƙamshi da wuri. In sun shiga a itacen da ke cikin gidanka, ka sauko da su da daddare tun a kwana na farko ko na biyu, kafin su haddace wurin.