An Taya Lambobin Kwastomomina Naira 200,000, In Sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai a Kano. Da can ta WhatsApp da Instagram nake harkata, sai bara wani yaro ɗan unguwarmu ya buɗe mini shafin intanet inda ake yin oda. Yanzu akwai suna, lambar waya da adireshin mutum wajen 3,000 a ciki, yawancinsu mata. Wani mai sayar da maganin gargajiya ya ce zai ba ni naira 200,000 in ba shi lambobin ya tura musu talla. Sannan yaron ya kawo shawarar a riƙa neman lambar NIN ta duk mai oda, saboda masu odar ƙarya sun dame ni. Me kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara buɗi. Kada ki sayar, kuma kada ki nemi NIN ɗin kowa. Bari mu fara da lissafin kuɗin, tunda shi ne ya kawo maganar.

Ki raba naira 200,000 gida 3,000, za ki ga kowace kwastoma ta tashi a kan naira 67 ba ko cika ba. Matar da ta yarda da ke har ta rubuta miki kwatancen gidan mijinta, layi kaza, kusa da masallaci, gida mai koren get, ita ce za ki bayar a kan kuɗin da bai kai ribar mayafi ɗaya ba. Kuma abin da aka sayar sau ɗaya ya fita hannunki har abada. Mai maganin zai iya sayar wa wani, wancan ya tura wa wani. Wata rana matar aure za ta ga saƙon tallan maganin da ba a faɗa a gaban surukai ya shigo wayarta da sha ɗayan dare, da cikakken sunanta, maigida yana kusa. Ko kuma wani ya kira ta ya ce, "Hajiya, kayanki sun iso tasha, turo kuɗin mota." Da yake ya san sunanta da unguwarta, za ta tura. In ta zauna ta yi tunanin inda ta taɓa rubuta wannan adireshi, shafinki ne zai fara zuwa mata. Ke kin fi ni sanin yadda labari ke yawo a gidan biki.

Ban da zubewar mutunci, akwai doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Kafin nan akwai ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2019. Jigon dokar shi ne, bayanan da kika karɓa don wani dalili ba za ki karkatar da su zuwa wani dalili na daban da mai su bai sani ba. Kin karɓi lamba don kai kaya, ba don mai magani ba. Tarar da dokar ta tanada tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo wa kasuwancin a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga waɗanda hukumar ta sa a sahun manyan masu riƙe bayanai kuwa, miliyan 10 ne ko kashi 2 ɗin. Yawan mutanen da kike riƙe da bayanansu yana cikin abin da ake dubawa wajen sa ki a sahu, don haka mai mutum 3,000 ya kamata ta tuntuɓi lauya ko hukumar ta ji inda ta faɗa, kada ta ɗauka ita 'yar ƙaramar 'yar kasuwa ce ba ruwanta. Kuma ana cin tarar da gaske. A 2021 NITDA ta ci kamfanin ba da rance na Soko tarar naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar waɗanda suka ci bashi. A watan Agustan 2024 NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, ko da yake bankin ya musanta cewa ya saɓa doka.

In kina son kuɗin mai maganin, kuma kin gamsu da abin da yake sayarwa, akwai hanya mai tsabta. Ki ce ya kawo tallarsa ki ɗora a sitatus ɗinki ko a shafin, ya biya ki kuɗin talla na mako. Wadda ta ga tana so ita za ta neme shi da kanta. Lambobin suna nan a hannunki, kuma wata mai zuwa zai sake dawowa ya biya. Ni dai da ni ne, sai na ga rajistar NAFDAC a jikin maganin kafin in haɗa sunana da shi, amma wannan wata maganar ce.

Yanzu mu zo kan shafin kansa, don na lura 'yan kasuwa da yawa suna da shafi amma ba su san abin da yake tarawa da sunansu ba. Abin da kwastoma ta rubuta da hannunta, suna da lamba da adireshi, shi ne kaɗai kike gani. Akwai wanda wayarta ke bayarwa ba tare da ta taɓa komai ba: lambar IP, wadda ke nuna kamfanin layinta da kusan yankin da take, irin wayar, lokacin da ta shigo, da shafukan da ta buɗe. Sai kuma kukis, wasu 'yan ƙananan bayanai da shafin ke ajiyewa a wayarta don ya gane ta in ta dawo. Su ne ke sa leshin da ta jefa a kwando jiya ta same shi yau yana jiran ta. Wannan ba laifi. Inda ake buƙatar lura shi ne abin da masu gina shafi ke liƙawa na wasu kamfanoni, irin su Google Analytics da Meta Pixel. Idan yaron ya sa Pixel, to duk wadda ta leƙa wani leshi, labarin yana tafiya wurin kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, shi ya sa anjima take cin karo da tallan leshin a Facebook ko Instagram ta yi ta mamaki. Kayan aiki ne masu amfani ga mai biyan kuɗin talla. Idan ba kya biyan talla kuma ba kya duba alƙaluman, a cire su, kina ba da labarin mutanenki ne kyauta.

Duk wannan yana zaune ne a wata kwamfuta ta kamfanin da kuka kama hayar wuri a wurinsa, wataƙila a Legas, wataƙila a Jamus ko Amurka. Tambayar da nake so ki yi wa yaron a wannan makon ita ce: da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, kuma da imel ɗin wa aka buɗe asusun hayar? Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da suka saɓa da wanda ya gina masa shafi a kan cikon kuɗi. Sai a ranar ya gane komai da sunan matashin yake, har imel ɗin da ake dawo da kalmar sirri. Shafi nasa, kwastomomi nasa, makulli a aljihun wani. Sai da dattawa suka shiga aka yi sulhu. Ba ina zargin yaronki ba ne, mai yiwuwa ɗan kirki ne. Amma ɗan kirki ma yana tafiya bautar ƙasa, yana canza layi, wayarsa tana ɓacewa. A mayar da komai sunanki da imel ɗinki, shi kuma a buɗe masa nasa asusun na aiki, wanda za ki iya rufewa duk ranar da kuka rabu. Ku rubuta 'yar yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, cewa ba zai kwafi bayanan ba kuma ba zai ba kowa ba, domin a idon doka ke ce mai alhakin farko.

Za ki ji ana cewa shafi yana da tsaro tunda adireshinsa ya fara da https. Wannan yana kare bayanan ne a kan hanya kawai, tsakanin wayar kwastoma da kwamfutar da shafin yake, kamar a ɗinke bakin buhu kafin a ɗora a mota. Bai ce komai ba game da siton da za a sauke buhun. Dole ne a sa shi, kuma akwai na kyauta daga Let's Encrypt, don haka kada a caje ki wani kuɗi mai nauyi a kansa. Tsaron siton kuwa aiki ne na kullum. Idan da manhajar WordPress aka gina shafin, kamar yadda aka gina dubban shagunan intanet, yana buƙatar a riƙa sabunta shi da ƙananan manhajojin da aka ɗora masa, domin ta tsofaffin da aka manta ne masu kutse suka fi shigowa. Ki tambayi yaron ko akwai manhajar da ake saya da kuɗi amma ya sauko da ita kyauta daga wani lungu, irin waɗannan sau da yawa da ɓarawonsu a ciki suke zuwa. Kalmar sirrinki ta zama doguwa, ba sunan autarki da shekarar haihuwarta ba, kuma ba wadda kike amfani da ita a Instagram ba. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin wata lamba bayan kalmar sirri, a shafin, a imel da WhatsApp. A riƙa ajiye kwafin bayanan a wani wuri daban mai makulli.

Batun biyan kuɗi kuwa, ki bar wa masu shi. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna karɓar kati a madadinki, lambar katin ba ta zama a shafinki, ke dai ki ga alat. Kada ke ko yaranki ku taɓa karɓar lambar kati, lambobi ukun nan na bayansa, ko lambar OTP, ko da kwastoma ce ta ce a taimaka mata ba ta iya ba.

Wannan ya kawo mu kan NIN. Me za ki yi da ita? Ba ki da hanyar tabbatar da cewa lambar da aka rubuta ta mai odar ce, mai odar ƙarya zai rubuta lambobi 11 na ƙarya ya wuce. Masu gaskiya ne kaɗai za su ba ki ta gaske, sai ki wayi gari kina gadin NIN ɗin mutum 3,000 haɗe da sunansu da lambar wayarsu da adireshinsu, abin da 'yan damfara ke nema ruwa a jallo. Dokar ma cewa ta yi a taƙaita ga abin da ake buƙata don aikin. Maganin odar ƙarya tsoho ne, kakanninmu sun san shi: kafin alƙalami. A biya kuɗin kai kaya ko wani kaso kafin kaya su bar shago, a kuma kira lambar a ji murya. In akwai gurbin ranar haihuwa a fom ɗin, shi ma a cire.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, a irin kasuwancinki ba mai kutse daga wata ƙasa nake fi jin tsoro ba. Wayar yaron shago nake tsoro. Can ne hotunan risit suke jibge da sunayen asusun mutane, can ne ake tura jerin adireshi gaba ɗaya ga mai kai kaya alhali gida uku zai je. Mai babur ko direban tasha a ba shi na ranar kawai. Yaron da ya bar aiki a canza kalmar sirri a ranar, ba sai an ga abin da ba a so ba. Kuma in kina tara kwastomomi a guruf ɗin WhatsApp, ki sani kowa yana iya ganin lambar kowa, mai maganin nan bai ma buƙatar biyan ki ko sisi, ya tura ƙanwarsa ta shiga ta kwashe. Ki koma tura saƙon bai-ɗaya ko ki buɗe tashar WhatsApp, wato Channel, inda mabiya ba sa ganin lambar juna.

A shafin, ki sa ɗan bayani da Hausa da Turanci: abin da kike karɓa, dalili, wa kike ba (mai kai kaya, kamfanin biyan kuɗi), tsawon lokacin da za ki ajiye, da lambar da za a kira in ana son gyara ko gogewa. Kada yaron ya kwafo na wani kamfanin Amurka ya liƙa, zai yi alkawuran da ba ki san da su ba. Wadda kike so ki riƙa tura wa sabbin kaya, ki sa mata gurbin da za ta danna da kanta, don dokar ta fito fili cewa shiru ba yarda ba ne. Duk ranar da ta ce a daina, a daina. Tunda masu sayen atamfar Kano ba su tsaya a iyaka ba, in kina da kwastomomi a Maraɗi ko Damagaram, Nijar ma tana da dokarta tun 2017 da hukumarta ta HAPDP.

In kuma, Allah ya kiyaye, an shiga shafin an kwashi bayanai ta yadda zai iya cutar da mutane, kina da awa 72 daga lokacin da kika sani ki sanar da NDPC. In haɗarin babba ne, su ma kwastomomin a gaya musu nan take, a ce kada su tura wa kowa kuɗi sai ta asusun da suka saba.

Ki zauna da yaron ranar da kasuwa ta yi sanyi, ku buɗe jerin nan na mutum 3,000 tare. Za ki tarar da waɗanda suka yi odar ƙarya, da waɗanda suka saya sau ɗaya bara ba su sake waiwayowa ba. Ki riƙe abin da littafin cinikinki ke buƙata, kwatancen gidajensu kuwa a goge.