Ga mai renon kuɓewa da attarugu a bakin taga a Toronto

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce tun tsakiyar Fabrairu kika shuka kuɓewa, attarugu, yakuwa da zogale a gwangwanaye kika jera a taga, yanzu sun yi tsayi sun rame, ganyen ya koɗe, wasu suna faɗuwa daga gindi, kuma kina tambayar yaushe za ki fitar da su. Ni ma a Ontario nake, kuma duk shekara sai na yi wannan renon.

Tsayin nan da kike gani ba girma ba ne, yunwar haske ce. Tsiro in bai ƙoshi da haske ba sai ya dinga miƙewa yana nemansa, karan ya zama siriri. Tagar watan Maris, ko da kudu take kallo, ba ta isar shukar da aka halitta don ranar ƙasarmu. Ki sayi doguwar fitilar LED, irin ta gareji ma ta wadatar, kada ki ɓata kuɗi a kan fitilar shuka mai launin shunayyar nan. Ki rataya ta kamar santimita 10 a saman ganyen, kina ɗagawa suna girma, ta yi awa 14 zuwa 16 a kunne, da dare ki kashe. Ki kunna musu ƙaramar fanka na ɗan lokaci kullum, kaɗawar iska ce ke sa kara ya yi ƙwari.

Masu faɗuwa daga gindi kuwa ruwa ne ya yi musu yawa a ƙasa mai sanyi, sai fumfuna ta kama wuyan tsiron ta ruɓar da shi. Wanda ya kwanta ba ya tashi, ki zubar da shi har da ƙasarsa. Ki tabbata kowane gwangwani yana da huji a gindi. Ki riƙa zuba ruwa a faranti su sha ta ƙasa, kuma kada ki ƙara sai kin sa yatsa kin ji saman ya bushe. Ruwan famfon nan sanyi ƙarara yake fitowa, ki tara ya kwana a ɗaki. Da dare ki janye su daga jikin gilas. In kin ga ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga ƙasar, su ma laimar ce ta kawo su. Taki kuma sai ganyen gaske ya fito, wato wanda ke biyo bayan ganye biyun farko, ki ba su rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Babbar matsalar dai, kin sa su huɗun a kalanda ɗaya, alhali kowa da lokacinsa.

Attarugu kaɗai ne Fabrairu ta dace da shi. Mai nawa ne, yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro ko a ƙasa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30, kuma yana son mako 10 zuwa 12 a ɗaka. Ki mayar da shi tukunya mafi girma idan saiwa ta leƙo ta hujin. In ya fara fure tun yana ɗaki ki tsinke, ko da zuciya ba ta so, ƙarfin ya tafi saiwa.

Kuɓewar nan, a ganina, ki haƙura da ita. Saiwarta guda ce mai nutsawa, ba ta son a taɓa ta, kuma wadda ta tsufa a gwangwani takan tsumbure ko an dasa. Ki sake shukawa farkon Mayu, ki jiƙa irin ya kwana, ɗaya a kowace tukunya, irin ta takarda da ake binnewa gaba ɗaya. Mako uku zuwa huɗu a ɗaka sun ishe ta, kuma za ta wuce ta Fabrairun.

Zogale kada ki dasa shi a ƙasa ko kaɗan, sanyin farko zai kashe shi. Ki ba shi tukunya mai zurfi, ƙasa mai yashi, ruwa kaɗan. Ya sha rana a baranda, Satumba ya dawo ciki. Zai zubar da ganye ya tsaya kamar sanda, kada ki yar, muddin saiwar ba ta ruɓe ba zai toho.

Yakuwa ce ke ba mutane haushi a nan. Za ta yi kyau, ta yi ganye har ki raba wa maƙwabta, amma fure shiru. Ba taki ta rasa ba. Ita ba ta fure sai yini ya gajarta zuwa wajen awa 12 ko 13, mu kuwa a watan Yuni yininmu ya haura awa 15. Kafin ya sauko an kai Satumba, Oktoba kuma sanyi ya zo ya ƙone ta. Don haka ki reno ta saboda miya da fate, ki riƙa tsinkar kai tana rassa. Zoɓorodon sha dai a kantin 'yan Afirka ko na 'yan Jamaika za ki ci gaba da saya.

Batun fitarwa: maƙwabta za su ce miki bayan hutun Victoria Day ake dashe, wato Litinin ɗin da ke kafin 25 ga Mayu. Wannan lissafin tumatir da furanninsu ne. Namu su jira farkon Yuni. Kada hasken rana ya ruɗe ki, sanyin dare za ki duba, sai ya daina sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 a jere. Kuɓewa ma tana son ƙasar kanta ta kai wajen 20.

Kuma ba a fitar da su lokaci guda. Ganyen da ya tashi ƙarƙashin fitila, yini ɗaya a rana ya isa ya babbake shi ya yi fari. Ki fara da awa ɗaya ko biyu a inuwa, inda iska ba ta bugu, kina ƙarawa kullum har kwana 7 zuwa 10, sannan su fara kwana a waje. Ranar dashe ki zaɓi mai gajimare ko ki bari sai yamma, ki ba su ruwa sosai.

Ki turo mana hoton attarugun, musamman bayan ganyen. Iskar hita tana kawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa, gara a gan su da wuri.